Bin Sawun Sauti: Nasiha ga Ɗan Koyon Gyaran Fiyano da Ampli



Da wuya a zaga unguwa guda a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ba a sami gidan da aka jingine wata na'urar sauti a lungun ɗaki ba, an lulluɓe ta da tsohon zane ana cewa ta mutu. A wani gida fiyanon lantarki ne irin wanda samari ke kaɗawa a wurin biki, a wani gida ampli ne, wato na'urar ƙara ƙarfin murya, a wani kuma lasifika ce da muryarta ta dusashe aka tura ta gefe. In ka tambayi mai gida abin da ya same ta, amsa ɗaya ce: ta ƙone. Alhali da yawa daga cikinsu babu abin da ya ƙone a ciki. Wata waya ce ta tsinke, ko ƙura ta toshe wata kafa, ko kuma an ba su wutar da ba tasu ba.

Wannan ya sa muka ware filinmu na wannan fitowa domin samarinmu masu sha'awar koyon gyaran kayan sauti, da kuma iyayen da ke ganin ƴaƴansu riƙe da sukudireba suna tunkarar kayan gida. Sha'awar abar yabo ce, sana'ar kuma tana ci da iyali. Amma mun lura ɗan koyo yakan fara daga inda ya kamata ya ƙare, wato buɗe cikin na'ura, kuma daga nan ne ake yin asara iri biyu: ta dukiyar mutane, wani lokaci har da ta rai. Maganar hukuncin kiɗa ba ta wannan fili ba ce, akwai malaman da suka fi mu cancantar yin ta. Mu sana'a ce ta kawo mu, kuma ilimin da ake gyara amplin fiyano da shi, da shi ake gyara na masallaci da na makaranta.

Kayan kiɗa na lantarki ba baƙi ba ne a ƙasarmu. Tun a 1978 Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa a gidan rediyon ƙasa da wani fiyano ƙirar Orla ta Italiya, a 1980 kuma kamfanin Casio na Japan ya fitar da Casiotone, wanda ya sa irin wannan na'ura ta shiga gidajen talakawa a duniya. Mafi yawan waɗanda ke hannunmu, ko Casio ne ko Yamaha, an riga an more su a wata ƙasa kafin su iso mu, sannan suka zo suka tarar da ƙurar hunturu da zafin bazara. Wanda ya san wannan ya riga ya san inda zai fara zargi.

Sauti matafiyi ne

Abu na farko da ya wajaba ɗan koyo ya sa a ransa shi ne, sauti tafiya yake yi zango-zango. Yatsa ya danna madanni, madanni ya haɗa wuta a ƙarƙashinsa, ƙwaƙwalwar na'ura ta gane wanda aka taɓa, ta haifar da sautin a matsayin wata ƴar siririyar wuta mai kai da komo. Wannan wuta ta bi ta abin murɗa ƙara, wanda muke kira bolim, ta fita ta ramin jak, ta bi waya zuwa ampli, ampli ya ƙara mata ƙarfi, sannan lasifika ta mai da ita motsin iska da kunne ke ji. Duk waɗannan zanguna kuwa abu ɗaya suka dogara da shi, shi ne wutar da ke ciyar da su.

Mai lambu idan ya ga ruwa bai kai fangalin ƙarshe ba, ba ya fara da yashe rijiya. Magudana yake bi da ido har ya ga inda ruwan ya tsaya. Haka gyaran sauti yake, kuma hanyar da ta fi sauri ita ce a raba tafiyar gida biyu. A ce fiyano da ampli sun yi shiru. Sai a zare wayar daga jikin fiyano, a sa ta a rediyo ko salular da aka tabbata tana aiki, ko da sai an nemi ɗan kan da zai haɗa babban jak da ƙaramin rami. In sauti ya fito, to gwaji ɗaya ya wanke waya da ampli da lasifika gaba ɗaya, laifin yana ga fiyano. In bai fito ba, sai a bar fiyano ya huta, a sake raba abin da ya rage biyu: a canza waya, a sake gwadawa. Da gwaji uku ko huɗu za a ga an kewaye laifin a wuri guda, ba a kwance ko sukuru ɗaya ba.

Akwai ma gwajin da ba ya buƙatar komai sai yatsa. A kunna ampli yana rufe, a rage bolim ƙasa-ƙasa, a taɓa tsinin jak na wayar da ke shigar da sauti. In aka ji gurnani daga lasifika, ampli yana da rai. Wannan a wayar shiga kaɗai ake yin sa, ba a taɓa yin sa a wayar da ke fita zuwa lasifika, kuma duk amplin da jikinsa ke jan mutum in an taɓa, a zare shi daga wuta nan take a kai wa gwani.

Sharuɗɗa biyu ne ke tafiya da wannan hanya. Na ɗaya, abu guda ake canzawa a kowane gwaji, domin wanda ya canza waya da adafta da soket a lokaci ɗaya, ko sautin ya dawo bai san wanda ya yi laifi ba, gobe kuma matsalar za ta dawo masa. Na biyu, a yi wa mai kaya tambaya kafin a taɓa kayansa, tun da mai tambaya ba ya ɓata. Yaushe abin ya fara? Faɗuwa ta yi, ko ruwa ya taɓa ta? An ara wa wani? Da wace adafta aka kunna ta? An ji wari ko an ga hayaƙi? Sau da yawa amsar mai kaya ta fi mitar awo saurin nuna hanya.

Wuta kafin komai

Wutar gidajenmu bolt 220 ce, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa. Ta Amurka bolt 120 ce, ta Japan 100. Saboda haka kafin a sa duk wata na'urar da aka sayo ta hannu a soket, a juya bayanta a karanta abin da aka rubuta. In an ga 100–240, tana karɓar kowace wuta. In 120 ko 100 kaɗai aka gani, sai da taransifomar rage wuta, in ba haka ba a daƙiƙa ɗaya za a yi asarar da ake gudu.

Yawancin ƙananan fiyano da adafta suke aiki, kuma a nan ne aka fi yi musu illa, domin mutane na ganin duk kan da ya shiga rami ya dace. Abubuwa uku ne dole su yi daidai. Na farko yawan bolt: ƙananan Yamaha da yawa bolt 12 suke sha, manyansu 16, tsofaffin Casio da dama kuma 9. Na biyu ƙarfin amfiya: babu laifi in na adafta ya fi wanda na'ura ke nema, laifin shi ne ya gaza. Na uku, wanda aka fi mantawa, shi ne wane ɓangare na kan adafta ke ɗauke da alamar tarawa, wane ke ɗauke da ta ragewa. A Yamaha tsakiyar kan ce ke da alamar tarawa, a tsofaffin Casio masu bolt 9 kuwa tsakiyar ta ragewa ce. Akwai ɗan zane kusa da ramin shigar wuta da ke nuna wannan, akwai irinsa kuma a jikin adafta, sai a gwama su kafin a haɗa. Wanda ya juya su yana iya kashe na'urar da lafiyarta ƙalau.

Adaftar da ta gaji tana da alamunta. Fiyano zai kunnu lafiya, amma da an ƙara bolim ko an danna madannai da yawa tare sai sauti ya shaƙe, ko na'urar ta mutu ta sake tashi da kanta. In tana da wurin batir, a zare adafta a sa sababbin batura. Idan sauti ya fito tas, an kama mai laifi, kuma maganinsa sayen sabuwar adafta da ta dace. Ɗan koyo ba ya fasa adafta, domin cikinta wutar gida ce. Su kuwa batura, a riƙa cire su in za a ajiye na'ura, don ruwan da suke zubarwa yana cinye ƙarfe da allo.

Kayan aiki na farko da ya kamata ɗan koyo ya mallaka shi ne mitar awo, wadda ake kira multimita. Da ita zai auna bolt ɗin adafta ya ga ko ya yi daidai da abin da aka rubuta, da ita kuma zai gane ko waya ta tsinke a ciki, domin tana da wurin da take yin ƙara in hanya a haɗe take.

Ɗan hakin da ka raina

Babu abin da ya kai waya wahala a cikin kayan sauti: a taka ta, a fizge ta, a naɗe ta a gwiwar hannu. Kusan kullum kusa da kai take tsinkewa, inda take lanƙwasa. In sauti na ɗaukewa yana dawowa, a bar shi yana fita a riƙa motsa wayar a hankali daga wannan kai zuwa wancan, inda ya katse nan ciwon yake. Da mita kuma a auna tsini da tsini, jiki da jiki, kowanne ya yi ƙara. Tsini da jiki kuwa kada su yi, in sun yi to wayoyin ciki sun haɗe.

A kuma san wayar fiyano daban, wayar lasifika daban, ko da kawunansu iri ɗaya ne. Ta fiyano siririya ce a tsakiya, an kewaye ta da saƙar tagulla da ke kare ta daga hayaniyar wuta. Ta lasifika kauri gare ta, ba ta da wannan kariya. Wanda ya sa ta lasifika a fiyano zai sha gurnani, wanda ya sa ta fiyano a babbar lasifika kuma yana iya ɗumama ta har ta lalace. In tazara ta wuce mita biyar ko shida, kamar mikro a babban zaure, waya mai ƙafa uku da ake kira XLR ita ce ta dace.

Wasu ƙararrakin ma ba ciwo ba ne. Tsuwa mai huda kunne da ke tashi in an ƙara bolim, mikro ne ke jin muryar lasifika yana mai da mata; a matsar da shi bayan lasifika a rage ƙara, ta wuce. Ɗan kukan da ke shigowa gab da salula za ta yi ringi, nisanta salular shi ne magani.

Bayan waya sai ramuka da bolim. Ramin da ake sa abin ji na kunne yana da wani ɗan harshen ƙarfe a ciki wanda ke kashe lasifikan fiyano da zarar an sa jak. In ƙura ko tsatsa ta hau wannan harshe, fiyano zai yi shiru kamar ya mutu. A sa abin ji a saurara: in akwai sauti a kunne, ƙwaƙwalwar na'ura lafiya take, kuma sau da yawa sa jak da zare shi sau goma tare da ɗan feshin wanke mahaɗar wuta ya isa. Bolim mai ƙarce-ƙarce in ana murɗawa shi ma ƙura ce, feshin nan ne maganinsa, a fesa kaɗan na'ura a kashe, a murɗa sau da yawa, a bari ya bushe. Kada a kuskura a zuba man keke, ko kananzir, ko fetur. Mai yana tara ƙura, sauran kuma suna cin roba.

Madannan da suka yi shiru

A nan ne ɗan koyo zai fara buɗe na'ura, kuma a nan ne hankali ya fi ƙarfin hannu amfani. Ƙarƙashin madannai akwai doguwar roba mai ƴan kofuna, cikin kowane kofi akwai ɗigon baƙin gawayi da ke sauka kan allo ya haɗa wuta. A fiyanon da ke bambanta dannawa da ƙarfi da dannawa a hankali, ɗigo biyu ne ga kowane madanni, ɗaya na riga ɗaya sauka, na'ura kuma tana auna ɗan lokacin da ke tsakaninsu ta san ƙarfin yatsa. Wannan ya sa in madanni ɗaya ya yi shiru, ko kullum yana fita da ƙarar da ta fi ta ƴan uwansa, abin zargi shi ne datti a kan ɗigon nan. A ɗaga robar a hankali, a goge ɗigon da allon da auduga da ɗan alkol irin na goge kayan lantarki, a bari su bushe, a mai da robar yadda take. Kada a kankare gawayin da wuƙa ko takardar yashi, don in ya goge ya tafi ke nan.

Amma in madannai da yawa ne suka mutu, a tsaya a ƙirga kafin a taɓa komai. Masu ƙera fiyano ba sa ja wa kowane madanni wayarsa, jera su suke yi rukuni-rukuni, kamar gidajen da ke kan layi ɗaya suna shan famfo ɗaya. Idan shida ko takwas da ke jere suka yi shiru tare, ko kuma matattun sun zo da tazara iri ɗaya daga farkon fiyano zuwa ƙarshensa, to ba datti ba ne. Hanya ɗaya ce da suke tarayya a kanta ta yanke, kuma galibi ana samun ta a faffaɗar wayar nan mai kama da ɗan madauri da ke haɗa allon madannai da babban allo, ko a wata tsaga a jikin allon in na'urar ta taɓa faɗuwa. Wanda bai ƙirga ba zai wuni yana goge roba a banza.

Kafin a zare komai a ɗauki hotonsa da salula. Sukurori kuma a jera su bisa takarda yadda aka ciro su, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo in ya shiga ramin gajere yana iya huda allo.

Gurnani, da inda haɗari yake

Gurnanin da ba ya tsayawa shi ma da rabawa biyu ake gano shi. A zare duk wayoyin da ke shiga ampli, a mai da bolim sifiri. In gurnanin ya tafi, daga waje yake zuwa: ko waya, ko kuma an sa fiyano da ampli a soket dabam-dabam, sai a tara su a wuri ɗaya. Kada a karya ƙafa ta uku ta fulogi don kashe gurnani, domin ita ce ke kai ɓatacciyar wuta ƙasa a maimakon jikin mutum. In kuwa gurnanin yana nan ba abin da ya canza, to daga ɓangaren wutar ampli yake, kuma abin zargi na farko shi ne kondansa.

Kondansa ita ce mai kama da ƙaramin gwangwani a kan allo, aikinta tara wuta ta riƙa sakin ta sumul. Akwai ruwa a cikinta da ke bushewa da tsufa, zafi kuma na gaggauta bushewar: ƙa'idar da masu ƙera ta ke bi ita ce, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rabin kwananta. Sai mu tuna watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, ga ampli a cikin akwati a rufe. Wadda ta lalace sau da yawa kanta yakan kumbura, ko a ga ta yi zubi a gindi. In za a canza ta, adadin mikrofarad ya zama ɗaya, bolt ya zama daidai ko fiye, a kuma kula da ƙafar da ke da alamar ragewa, domin wadda aka sa a juye fashewa take yi.

A nan muke roƙon iyaye da matasa su ba mu hankalinsu. Zare fulogi ba ya nufin wuta ta ƙare a cikin ampli. A na'urorin zamani babbar kondansar da ke kusa da shigar wuta tana ɗaukar wajen bolt 310 daga wutar gida ta 220, kuma tana iya riƙe ta bayan an zare fulogi da daɗewa. Tsofaffin ampli masu kwalabe suna wuce bolt 400. Wutar da ke iya rikita bugun zuciya kuwa ba ta da yawa, shi ya sa makarin da ake sa wa gidaje don ceton rai yake yanke wuta tun a kashi 30 cikin 1000 na amfiya ɗaya. Don haka ɗan koyo ya tsaya ga abin da ke aiki da batir ko adafta, ya bar ɓangaren wutar gida sai a gaban maigidansa, wanda zai nuna masa yadda ake auna kondansa da yadda ake sauke wutarta. Ba a aiki da jiƙaƙƙen hannu, ba a aiki ƙafa ba takalmi, a cire zobe da agogo, kuma kada a yi aiki a ɗaki shi kaɗai. In wuta ta kama wani, kada a kama shi da hannu. A kashe wutar, ko a ture shi da busasshen itace.

Haka nan fiyus. Shi mai gadi ne, yana mutuwa don gida ya tsira. In ya ƙone a sa irinsa daidai. In na biyu ya sake ƙonewa, akwai ciwo a ciki da ke jan wuta fiye da kima, sai a tsaya nan. Masu naɗa waya ko takardar azurfa a madadinsa gobara suke gayyata.

Lasifika

Gwajin lasifika mai sauƙi ne. A raba ta da ampli, a taɓa ƙafafunta biyu da batir mai bolt 1.5 na ɗan lokaci kaɗan: in ta yi ƙwas, tana da rai. Mita kuma za ta nuna wajen om 6 a lasifika mai om 8, wajen 3 a mai om 4. A danna takardarta da yatsu a hankali, in an ji gogayya a ciki, naɗin wayarta ya ƙone ko ya karkace. Abin da ya fi kashe ampli shi ne tara masa lasifiku ba lissafi. Biyu masu om 8 in an haɗa su kafaɗa da kafaɗa sun koma 4, huɗu sun koma 2, ampli da yawa kuma ba sa jure ƙasa da 4. Inda ake son lasifiku da yawa a nesa, kamar masallaci ko makaranta, akwai tsarin layin bolt 100, inda ake tara wat ɗin lasifikun kada jimlarsu ta kai ƙarfin ampli. Lasifikar ƙaho da ke kan soro kuwa, in muryarta ta toshe, a fara leƙa maƙogwaronta, domin zanzaro na son gina ɗakinsa a ciki.

Liƙi da dalma

Ramin jak da ramin shigar wuta su ne suka fi shan fizga, don haka liƙin ƙafafunsu kan tsage, a ga ɗan siririn zobe kewaye da ƙafar in an duba da kyau cikin haske. Sabunta wannan liƙi na daga cikin gyare-gyaren da suka fi yawa. Ƙarfen liƙi mai wat 25 zuwa 40 ya isa. Wayar liƙi mai kashi 60 na kuza da 40 na dalma tana narkewa a wajen digiri 190, marar dalma kuma a wajen 220. Ƙafar da allon ake ɗumamawa tare, sannan a kawo wayar liƙi ta narke a kansu, daƙiƙa biyu ko uku a ɗaga. In aka daɗe, siririn tagullan allo zai ɓare. Kada a yi amfani da ruwan liƙi na masu gyaran famfo ko tukwane, yana cin allo. A fara koyo a kan mataccen rediyo har hannu ya faɗa, kafin a taɓa kayan mutane.

Dalma guba ce, ta fi kuma illa ga ƙananan yara. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400. Ko da yake abin da mai liƙi ke taɓawa bai kai wannan yawa ba, gubar ɗaya ce. Kada a riƙe wayar liƙi da baki, kada a yi liƙi inda ake girki ko cin abinci, a share ɓarɓashi kada mai rarrafe ya tsinta, a wanke hannu da sabulu, a kuma buɗe taga saboda hayaƙi.

Kayan mutane amana ne

Wanda aka kawo wa na'ura an ba shi amana ne a kan abin da mai ita ba ya iya gani. In waya ce ta tsinke, a ce waya ce, a karɓi kuɗin waya da na wahala, kada a ce ƙwaƙwalwa aka canza. Abin da aka cire a mai da wa mai shi a hannu. Kada a ɗauki lafiyayyen abu daga na'urar wani a sa a ta wani. Kuma akwai inda gyara ke tsayawa: babbar ƙwaƙwalwar fiyano kamfanin ne ya ƙera ta don kansa, ba a samun ta a shago, sai dai daga wata matacciyar na'ura irinta. In bincike ya kai nan, ko ya kai inda ilimin mutum ya tsaya, a rufe na'ura yadda aka same ta a gaya wa mai ita gaskiya. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, kuma mai gyaran da ya iya cewa wannan ya fi ƙarfina shi ne mutane ke komawa wurinsa.

Ga iyaye kuwa, shawararmu ita ce kada a ƙwace sukudireba daga hannun yaro, namiji ne ko mace. A saya masa mita, a samo masa tsohon rediyo a kasuwa irin ta Katako ko makamanciyarta a garinku, a ba shi littafin rubuta abin da ya gwada da abin da ya gani, sannan a damƙa shi ga wani mai gyara da aka yarda da hankalinsa da gaskiyarsa. Masu kaya su ma akwai nasu: a lulluɓe fiyano bayan an gama, a ɗaga ampli daga ƙasa a bar masa hanyar iska, a rage bolim kafin a kunna ko a kashe, a zare fulogi in hadari ya taso ko in wuta na rawa, a kuma rubuta sunan kowace na'ura a jikin adaftarta don kada a musanya.

Allah Ya sa albarka a sana'o'in matasanmu, Ya kare su daga haɗari. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.